Tawada a Bayan Kwalin Magani

A babban baje kolin fasaha na birnin Venis na shekarar 2022, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, cikin manya-manyan ayyukan da suka cika ɗakuna akwai wasu ƙananan zane-zane guda 99. Da baƙar tawada aka yi su, a bayan kwalayen magani da aka warware da kuma tsofaffin ambulan. Mai su Ibrahim El-Salahi ne, mutumin Sudan, yana da shekara 91 a lokacin. Ciwon baya ya hana shi tsayuwa gaban babban allon zane, sai ya koma kan kujera a gidansa da ke Oxford. In ya shanye magani, sai ya juya kwalin ya hau zane.

A watan Oktoban 2023 kuma El Anatsui, haifaffen Gana da ya yi rabin rayuwarsa a Nsukka, ya rataya wasu shimfiɗu na ƙarfe a babban zauren gidan Tate Modern da ke Landan, zauren da tsayinsa ya kai mita 35. Da murafen kwalabe aka haɗa su, ɗaya bayan ɗaya, da wayar tagulla. A wajen wannan lokaci ne kuma gidajen adana kayan fasaha na Atlanta da Washington a Amurka suka baje ayyukan Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatunsa a Zariya tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello.

An haifi El-Salahi a 1930, Onobrakpeya a 1932, Anatsui a 1944. Duniya ta jima kafin ta waiwaye su, da ta waiwayo kuma sai ta fi yaba girman aikin da faɗinsa. Mu a ganinmu ba a nan ƙarfinsu yake ba. Ukunsu duk daga ɗan guntun abu suke farawa, abin da wani ya gama amfani da shi ya yar, kuma aikin yana da rai ne muddin ana iya ganin guntun nan da tarihin da ya zo da shi. Duk inda girma ya haɗiye guntun, aikin yakan ƙara kyau a hoto, ya rage abin faɗa.

Mu fara da El-Salahi, domin shi ne idonmu zai fi saurin ganewa. A Omdurman aka haife shi, mahaifinsa malamin addini ne, kuma a makarantar allo ya fara riƙe alƙalami. A can ya koyi ƙawata allo da layuka da ɗakuna-ɗakuna, abin da mutanen Sudan ke kira sharafa, mu kuma muke gani a allon zayyana na ranar sauka. Daga 1954 zuwa 1957 ya yi karatu a makarantar zane ta Slade da ke Landan, ya dawo da gwanintar zana mutum da daji irin ta Turawa. Da ya baje ayyukan nan a wani babban otal na Khartum, mutanen garinsa ba su damu da su ba. Maimakon ya ce jama'a ba su waye ba, sai ya shiga duba abin da suke ratayawa a ɗakunansu da kansu, ya tarar rubutun Larabci ne da ado. Daga nan ya fara farfasa harafi, yana buɗe cikinsa, har fuskoki da tsuntsaye da jinjirin wata suka fara fitowa daga lanƙwasar haruffa. Shi da Ahmed Shibrain da Kamala Ishag ne ake ambata in ana maganar Makarantar Khartum. A 1961 ya zo Nijeriya, ƙungiyar Mbari ta Ibadan ta baje aikinsa.

Wani mai karatu zai ɗan ja baya a nan, ya ce harafin da ake rubuta Alƙur'ani da shi ne ake mayarwa fuskar mutum. Damuwar ba ta banza ba ce, kuma El-Salahi mutum ne mai riƙo da ibada, ba baƙo ba ne ga wannan tambaya. Abin lura shi ne fuskokin nasa ba sa kwaikwayon wani mutum takamaimai. Dogaye ne, idanu a zurme, kamar abin da ke tsakanin rubutu da halitta, bai gama zama ko ɗaya ba. Wanda bai gamsu ba yana da hujjarsa, amma ya kamata ya san abin da yake ƙi kafin ya ƙi shi.

Abin da ya sauya aikinsa gaba ɗaya ya faru ne a watan Satumban 1975. Yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu aka kama shi bisa zargin hannu a yunƙurin kifar da gwamnatin Ja'afar Numeiri, aka kai shi kurkukun Kober, ya yi wata shida da 'yan kwanaki ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. An hana fursuna riƙe takarda. Sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, yana zane da guntun fensir, in ya ji motsin gandiroba ya binne a yashi. Tunda babu halin shimfiɗa babbar takarda, dole zanen ya fara daga ɗan guntu guda, in ya cika a kawo wani a jona masa a gefe, hoton ya ci gaba da yaɗuwa ba tare da mai shi ya san inda zai tsaya ba. Waɗannan takardu a can ya bar su. Dabarar ce ta fito tare da shi.

Bayan an sake shi a 1976, yana tsare a gida, ya cika wani ɗan littafi da zane 38 na tawada haɗe da rubutu. Littafin yana gidan MoMA a New York yanzu. A wajenmu shi ne ƙololuwar aikinsa, har gaba da manyan zanen fentin da aka fi bugawa a mujallu. Babu launi ko ɗaya a ciki. Akwai fuskoki a bayan sandunan ƙarfe, akwai tsuntsu, akwai rubutun da ke tafiya yana kewaye hoto har ya zama jikinsa. Layin alƙalamin siriri ne, ba ya rawa, kuma ba a cika shafi don a burge kowa ba. Mutumin da ya fito daga inda takarda laifi ce ba ya wasa da farin da ya rage a shafi.

Dabarar jona guntu da guntu ita ta haifi babban zanensa mai suna The Inevitable, wato abin da ba makawa, wanda ya yi tsakanin 1984 da 1985 a kan falle tara, yana zaune a Katar. Taron jama'a ne sun ɗaga hannuwa, jikinsu ya cakuɗe da ƙarafan inji. A watan Afrilun 1985 zanga-zanga ta kawar da Numeiri. Aikin ya haura mita biyar kowane gefe, amma girman bai cutar da shi ba, saboda an bar layin da ya raba falle da falle a fili, kamar sandunan taga. Ko daga nesa ka san da guntu-guntu aka gina shi, ka kuma san dalili.

Daga wajen shekarar 2000 ya koma zana bishiya guda, wadda ake kira haraz a Sudan. Masu sharhi a Turai sukan ɓata sakin layi guda suna bayanin wannan bishiya mai abin mamaki, wadda ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani. Gawo ne. Duk wanda ya taɓa ratsa gonakin gero tsakanin Daura da Damagaram ya san shi, ya san manomi ba ya sare shi saboda amfanin gona ya fi kyau a ƙarƙashinsa, awaki kuma na jiran 'ya'yansa. El-Salahi ya ɗauki gawo a matsayin hoton mai taurin kai da ba ya bin yayi. Wasu daga cikin bishiyoyin nasa ba su da reshe ko ganye, layuka ne kawai a miƙe da ɗakunan launi, kai ka ce allon zayyana aka tsayar. Wannan wuri ne da ɗan makarantar allo ya fi farfesan Landan kayan fahimta, sai dai ba a taɓa gaya masa haka ba.

To, mu koma kan kwalayen magani. Ƙarfinsu yana cikin abin da mai zanen bai zaɓa ba. Kwalin da aka warware yana da kunnuwa, yana da layin naɗi, wani lokacin da tabon manne ko tambarin da aka danna ya fito ta baya. Alƙalamin yana bin waɗannan, layin naɗi ya zama hanci ko bango, kunnen kwali ya zama hula. Kana kallon fuska, kana kuma kallon shaidar cewa tsoho ya sha ƙwaya yau da safe. Daga baya an ɗauki wasu cikin zanen nan an faɗaɗa su, an buga a kan manyan ƙyallaye, aka baje a Landan a 2019. Mun fahimci dalilin: jikinsa ba ya iya babban aiki, masu saye kuma bango suke son cikawa. Amma a kan ƙyalle babu naɗi, babu kunne, babu ciwo. Layin da ya yi kauri saboda an hura shi ba ɗaya yake da layin da hannu ya danna ba. Duk mai aiki da kwamfuta ya san in ka ja ƙaramin hoto ka faɗaɗa, ba ka ƙara masa bayani ko ɗaya ba, wuri kawai ka sa ya ci.

Akwai wata sa'a a nan ga mu masu kallo ta waya. Fuskar waya ba ta fi kwalin magani da yawa ba, don haka zanen El-Salahi yana iso mana kusan yadda yake. Anatsui ne waya take yi wa ƙarya, kuma ƙaryar yabo ce. A hoto aikinsa kamar zanin zinariya yake, mai sheƙi, irin wanda za a shimfiɗa wa sarki. Sai ka matsa kusa, ko ka sa yatsu biyu ka buɗe hoton sosai, za ka ga murafen kwalaben giya ne na gwangwani, an buge su sun baje, an huda, an ɗaure, sunan kamfani na nan a jikin kowanne.

Anatsui bai faro daga nan ba. A Kumasi ya yi karatu, kuma aikinsa na farko da ya ja hankali farantan katako ne na 'yan kasuwa da ya riƙa yi wa zane da ƙarfe mai zafi, kamar yadda ake ƙona ado a jikin ƙwarya. A 1975 ya zo koyarwa Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, ya zauna har 2011. Ya yi aikin yumɓu na fasassun tukwane da aka sake haɗawa, wanda tsofaffin sassaƙen Nok na kudancin Kaduna suka yi wa tasiri. Ya yi shekaru yana yanka katako da zarton inji yana babbaka shi da wuta. Ya tara murafen gwangwanin madarar Peak, ya tara tsofaffin magogin rogo masu tsatsa ya gina bango da su. Sai a ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhun murafen kwalabe da aka zubar, yana da shekara hamsin da 'yan kai. Biyu daga cikin shimfiɗun farko suna British Museum. A 2007 ya lulluɓe gaban wani tsohon gini a Venis da irinsu, a 2015 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin, kuma ayyukansa sun haura dala miliyan ɗaya a gwanjo.

Amfani da abin da aka yar ba labari ba ne a wajenmu. Mun taso da fitilar aci-balbal ta gwangwani, da yara masu ƙera mota da waya, da 'yan bola-jari. Abin da Anatsui ya ƙara shi ne zaɓen sharar da take da magana a bakinta. Giya na cikin hajar da jiragen Turawa suka riƙa saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma suna ɗaukar bayi, bayin su noma rake a ƙetaren teku, daga raken a yi wata giyar. Aikin da ya rataya a Tate ya tunkari wannan kai tsaye, a gidan da ke ɗauke da sunan attajirin sukari. Kuma kowane murfi hannun wani ya taɓa shi, wani ya buɗe ya sha, ko don murna ko don baƙin ciki. Mai karatun da ke ƙyamar giya zai iya samun aikin ya fi yi masa nauyi fiye da Baturen da ke ganin launi kawai.

Wata dabararsa da muke yabawa ita ce ba ya aika aiki da umarnin yadda za a rataya shi. Duk gidan da ya karɓa, ma'aikatansa ne za su yanke inda zai naɗe da inda zai zubo, don haka aiki ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan hali: ka gina ƙananan sassa masu haɗuwa, ka saki, wani ya jera su yadda bai taɓa zuwa maka a rai ba. Haka ma yake aiki a ɗakinsa. Mataimaka ne ke ɗinka murafen zuwa ƙananan falle, shi kuma ya shimfiɗa su a ƙasa, ya matsar da wannan, ya ɗauke wancan, ya ɗauki hoto ya duba, sannan a haɗe.

Amma a nan ne muke da ja guda biyu. Na farko, tun daga wajen 2010 girman ya fara zama shi ne labarin. Babban baje kolinsa na birnin Munik a 2019 ma da girma aka yi masa suna. Shimfiɗar da ke rataye mita ashirin sama da kanka ba za ka karanta sunan da ke kan murfinta ba. Ta koma launi zalla, ja da ruwan zinariya, tarihin giya da bayi kuma ya koma kan ɗan allon bayani da ke jikin bango, wanda rabin masu ɗaukar hoto ba sa karantawa. Bangon magogin rogo na shekarar 2000 bai kai waɗannan kyau ba, amma ba ya barin ka manta da matan da suka goge hannunsu a kansa. Na biyu, hannayen da suka ɗaure waya sau dubu-dubu ba sa fitowa a allon bayanin. Mun san ba shi ya fara ba, haka manyan masu sassaƙa na Turai suke yi, haka kuma babbar riga take a Zariya: wani ya zana aska takwas, wasu su yi wata da watanni suna ɗinki, sunan da ake ji na mai sayarwa ne. Kuma samarin Nsukka da dama sun ci abinci da wannan aiki. Duk da haka, aikin da hujjarsa ita ce kowane murfi yana ɗauke da taɓin hannun mutum, bai kamata ya yi shiru game da hannun ƙarshe da ya taɓa shi ba. A sana'armu ko layi ɗaya mutum ya gyara, rajista na riƙe da sunansa.

Onobrakpeya shi ne ya fi kusa da mu a ƙasa, shi ne kuma muka fi mantawa. Ya shigo kwalejin Zariya a 1957, a 1958 shi da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗaliban da aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya, masu cewa a koyi dabarar Bature amma a zana abin gida. Masu bibiyar adabi sun taɓa ganin hannunsa ko ba su sani ba: shi ya yi zanen cikin An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi, littafin da aka daɗe ana muhawara kan kamarsa da Jiki Magayi.

Shi nasa guntun daga ɓarna ya fito. A 1967 ruwan asid ya cinye masa farantin ƙarfen da yake shirin buga hoto da shi. Ya cike ramukan da gam mai daskarewa, da ya buga sai hoton ya fito da tudu da kwari, kuma daga nan ya samo hanyar bugu da ya shahara da ita. Tsofaffin allunan bugu ma bai yar da su ba, ya shafa musu ruwan tagulla suka zama aiki mai zaman kansa. Da tsufa ya zo sai ya koma haɗe-haɗe: duwatsun ado, fulogin mota, faifan CD, har da cikin tsohuwar kwamfuta, a jera a manne su zama ginshiƙi ko bango.

A nan ba ma tare da masu yabo ba ƙaƙƙautawa. Onobrakpeya ba ya son barin fili. Kowane lungu sai ya sa masa ado, kamar jeren ɗakin amarya, kuma in kayan suka yi yawa babu wanda ake jin muryarsa. Allon cikin kwamfuta a aikinsa yakan zama zane mai kyau kawai, alhali abu ne da ke da nasa labarin, daga ma'adinan da aka haƙo har zuwa bolar da yara ke ƙona shi don cire tagulla. Haka muke ji game da jerin da ya yi a ƙarshen shekarun 1980 kan mutanen Sahel da gurgusowar hamada: niyyar mai kyau ce, amma adon ya rufe yunwar. Inda ya fi ƙarfi shi ne inda ya kama abu ɗaya ya tsaya a kai, kamar hotunan tafarkin gicciye da ya yi wa wata coci a Ebute Metta ta Legas a ƙarshen shekarun 1960, inda ya sa wa masu azabtarwar kakin jami'an mulkin mallaka. Sauyi ɗaya ne tak, kuma duk wanda ya rayu a lokacin ya gane abin da ake nufi.

Sai dai yana da abin da sauran biyun ba su kai shi ba. Tun 1998 yake tara masu zane a garinsu Agbarha-Otor na jihar Delta duk lokacin hunturu, manya da ƙanana, har da waɗanda ba su taɓa shiga jami'a ba, ana koyon bugu da sassaƙa da haɗe-haɗe. Mafi yawan fitattun ayyukan Anatsui suna Turai da Amurka. Na El-Salahi suna Landan da New York da Sharja, Khartum ɗin da ta haife su kuwa yaƙi ya ɗaiɗaita ta tun Afrilun 2023, har gidan tarihinta na ƙasa bai tsira daga wawaso ba. Matashin Kano ko Maraɗi da ke son ganin ɗaya daga cikin dattawan nan uku ido da ido, ba tare da biza ba, hanyar Delta ce ta fi masa sauƙi.

Sauran kuwa sai ta waya. An buga littafin kurkukun El-Salahi a 2018 tare da fassarar rubutun da ke ciki, kuma hotunan shafukansa da na kwalayen magani suna intanet. In an samu na kwalayen, a buɗe hoton har sai gefen kwalin ya fito, a nemi layin naɗin, a ga inda alƙalamin ya bi shi da inda ya tsallake.